Waiwaye: Yadda Aka Koyi Hango Yunwa Tun Amfani Yana Gona

Ba yawan ruwan shekara kaɗai ke cika rumbu ba, har da lokacin saukarsa. Damina kan faɗi, a yi shuka, yabanya ta yi kyau, sai sama ta ɗauke na mako uku. Ganye ya naɗe da tsakar rana, ƙasa ta tsattsage. In hakan ya zo daidai lokacin da masara ke fitar da gemu, ko ruwa ya dawo, goyon ba zai cika ba. Manomi ya san wannan tun kaka ba ta yi ba. A da, labarin ba ya isa kunnen mahukunta sai jama'a sun fara ƙaura.

Haka aka yi a farin Sahel na 1968 zuwa 1974, wanda ya fi tsanani a 1972 da 1973. Dabbobi suka yi ta faɗuwa, taimako ya zo a makare. Wannan ne ya sa ƙasashen yankin suka kafa CILSS, kwamitinsu na haɗin gwiwa don yaƙi da fari, a Wagadugu a 1973, sannan cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don bin diddigin ruwan sama da yanayin gonaki. A 1975 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta buɗe nata tsarin gargaɗi. Bayan yunwar Habasha ta 1984, Amurka ta kawo FEWS, tsarin gargaɗin yunwa tun da wuri, a 1985. Yau tauraron ɗan'adam na auna koren ganye daga sama, masu bincike kuma na bin kasuwanni: in hatsi na tashi, dabba na karyewa, to makiyayi ya fara sayar da abin hannunsa.

Sai dai sani daban, motsi daban. A Somaliya, an fara gargaɗi tun 2010 cewa damina za ta gaza, amma ba a ayyana yunwa ba sai Yulin 2011. Kusan mutum 260,000 suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma da yawansu sun mutu ne kafin sanarwar. Rikici ya tare hanya, gaskiya ne, amma masu ba da agaji ma sun tsaya jiran hoton yaro mai ƙasusuwa a waje.

Daga 2020 zuwa 2022 damina biyar a jere ta sake gazawa a Somaliya da maƙwabtanta, inda ake damina biyu a shekara. Wannan karon agaji ya fi sauri, ba a kai ga ayyana yunwa ba. Duk da haka, an ƙiyasta mutum 43,000 ne farin ya ci a Somaliya a 2022 kaɗai.