Digiri ko lasisi: wa doka ta yarda a kira nas?

Kwanakin nan wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp a nan Katsina, wai gwamnati ta soke takardar makarantun koyon aikin jinya, duk nas ɗin da ba ta da digiri za a sallame ta daga aiki, wadda ta ƙi bari kuma a kama ta. Har gida ƙanwar mahaifiyata ta tako daga Ƙofar Marusa, hankalinta a tashe, don 'yarta na shekara ta biyu a kwalejin jinya. Ta ce, "Ɗan nan, in cire ta ne ta sake JAMB?" Na ce, "Inna, a bar yarinya ta yi karatunta, babu wannan magana a doka."

Dokar da ke kula da wannan aiki tsohuwa ce. A 1979 aka kafa ta, a matsayin dokar soja mai lamba 89, kuma ita ta samar da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ake kira NMCN. Ta shafi nas da ungozoma, mace ko namiji, a asibitin gwamnati ko na kuɗi. Abin da take nema a wurin mutum shi ne ya yi karatu a makarantar da hukumar ta amince da ita, ya ci jarrabawar hukumar, sunansa ya shiga rajista, ya riƙe lasisi yana sabunta shi. Wadda ta gama makarantar jinya ta Katsina ko ta ungozoma da ke Malumfashi, ta ci wannan jarrabawa, cikakkiyar ma'aikaciya ce a idon doka. Abin da ya sauya, wanda ina jin shi aka ji sama-sama aka ƙara masa gishiri, shi ne makarantun jinya sun koma kwalejoji masu ba da difloma da babbar difloma, ana shigarsu ta JAMB. Sauyin tsarin karatu ne. Bai goge sunan kowa daga rajista ba.

Akwai kuma kuskure na biyu, kuma ni shi ya fi damuna. Iyaye da yawa sun ɗauka da zarar yaro ya riƙe kwalin digirin jinya, shi ke nan ya zama nas. A'a. Jami'a digiri take bayarwa, lasisi na hukuma ne. Karatun shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB, kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero a Kano, mai rajistar nas kuma yakan fara daga aji biyu. Ɗalibin jami'a ma sai ya zauna jarrabawar hukumar a shekarunsa na ƙarshe, sannan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya tafi bautar ƙasa. Saboda haka amincewa biyu sashen jinya ke buƙata: ta Hukumar Kula da Jami'o'i, da ta NMCN. Kowace makaranta tana da adadin ɗaliban da aka yardar mata ta ɗauka, kuma dole a shigar da sunan ɗalibi kundin hukumar tun farkon karatu. Wanda ba a shigar da sunansa ba, ko ya fi kowa ƙoƙari a aji, ba zai zauna jarrabawa ba. Yaranmu da ke tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da sauran ƙasashen waje su ma in sun dawo sai hukumar ta tantance takardunsu, sun yi horon daidaitawa, sun ci jarrabawarta.

To, wa ake kamawa? Laifin da dokar ta ambata shi ne mutum ya yi aikin nas ko ungozoma don a biya shi, ko ya kira kansa da wannan suna, alhali ba ya cikin rajista, ko ya yi ƙarya don a sa shi a ciki. Hukuncin tara ne ko ɗauri ko duka biyun, kuma kotu ce ke yanke shi, ba shugaban asibiti ba. Wanda ke da rajista kuwa ya yi aika-aika a bakin aiki, akwai kotun ladabtarwa ta hukumar, wadda ke iya dakatar da shi ko ta cire sunansa. Ka ga babu inda rashin digiri ya shigo cikin jerin laifuka.

Waɗanda wannan sashe na dokar ya hau kansu su ne yaran da ake tarawa a wasu ƙananan asibitocin kuɗi, a karɓi kuɗin iyayensu, a koya musu allura da ƙarin ruwa na wata shida ko shekara, a ɗinka musu farin kaya, a buga musu satifiket. Wannan takarda ba ta da gurbi a dokar. Haka ma wanda ya gama makarantar fasahar lafiya ta Daura ko ta Kankiya a fannin lafiyar al'umma: karatunsa halastacce ne, yana da tasa hukumar da ke ba shi lasisi, aikinsa a karkara ba ƙarami ba ne, amma sunan nas ba nasa ba ne, ko da mutanen gari sun saba kiransa da shi.

A nan nake ganin akwai rashin adalci. Kuɗin tarar da aka rubuta tun zamanin da naira ke da daraja bai isa ya tsorata mai asibiti ba, ita kuwa yarinyar da aka yaudara, wadda wataƙila sai da uwarta ta sayar da akuya aka biya kuɗin koyon, ita ce sunanta zai ɓaci in aka yi kuskuren allura. In za a yi kame, a fara da wanda ya buga satifiket ɗin.

Inna ta tafi da tambaya ɗaya da na ce 'yarta ta kai ofishin makaranta ranar Litinin: an shigar da sunanta kundin hukumar, kuma mece ce lambarta?