Muhawarar ƙarfin gwamnatin tarayya da haƙƙin ɗan ƙasa a Amurka (1787–1791)

Wannan taƙaddama ce da ta ɓarke a Amurka bayan rubuta kundin tsarin mulkin 1787, tsakanin masu son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, waɗanda ake kira 'yan Tarayya, da masu tsoron kada ta danne jihohi da talakawa.

Asali

A tsohon tsarin da ya fara aiki a 1781, majalisar ƙasa ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Bashin yaƙi da Ingila ya yi katutu. Boren manoman Massachusetts na 1786 zuwa 1787 ya ƙara tayar da hankalin manya, aka zauna taro a Filadelfiya a watan Mayun 1787.

Saɓani

Ana saura kwana biyar a rufe taron, George Mason na Virginia ya nemi a sa jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a kundin. Ko jiha ɗaya ba ta goyi bayansa ba. Ranar 17 ga Satumba wakilai 39 suka sa hannu, shi kuwa ya ƙi, tare da Elbridge Gerry da Edmund Randolph. Mason ya san abin da yake faɗa, domin shi ya tsara sanarwar haƙƙoƙi ta Virginia tun 1776, kuma lokaci ya gaskata shi.

Alexander Hamilton da James Madison da John Jay sun rubuta maƙalu 85 da sunan Publius don kare kundin. Hujjar Hamilton ita ce gwamnatin ba ta da wani iko sai wanda aka ba ta, don haka lissafa haƙƙoƙi na da haɗari, za a ɗauka wanda ba a ambata ba babu shi. 'Yan adawa irin su Patrick Henry suka nuna sojojin dindindin da haraji da kotunan tarayya, suka ce wanda aka ba wuƙa da nama ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Fitaccen marubucinsu ya ɓoye sunansa da Brutus. Wasu na cewa Robert Yates ne, wasu Melancton Smith.

Sulhu

Da ƙyar kundin ya tsallake manyan jihohi: ƙuri'u 187 na amincewa da 168 na ƙi a Massachusetts, 89 da 79 a Virginia, 30 da 27 a New York, dukkansu da shawarar a yi gyara. Madison, wanda da farko bai ga amfanin jerin ba, shi ya gabatar da gyare-gyaren a majalisa ranar 8 ga Yunin 1789. An tura 12 ga jihohi, 10 suka tabbata ranar 15 ga Disamban 1791. Sun haɗa da 'yancin addini da faɗar albarkacin baki da shari'ar adalci. Gyara na 9 ya amsa damuwar Hamilton, na 10 ya bar wa jihohi da jama'a ikon da ba a ba tarayya ba.

Iyaka

Bayi ba su amfana ba. A 1833 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gyare-gyaren sun ɗaure gwamnatin tarayya ce kawai, ban da jihohi.