Gwanja kusa: in bai tsage da kansa ba ku bar shi a sama

Assalamu alaikum jama'a. Wallahi bakina ya gaji da maganar nan amma dole in sake, saboda rani ya shigo, bishiyoyin gwanja kusa sun yi jajawur a ƙauyukan da ke kan hanyar Jebba zuwa Ilori, kuma an fara kawo mana yara asibiti suna sheƙa amai.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne Yarbawa ke ce wa ishin. Kwanson ja ne da ɗan rawaya, in ya nuna sai ya tsage gida uku da kansa ka ga ƙwallaye baƙaƙe masu sheƙi, kowanne da 'yar tsoka fara-fara mai maiƙo a gindinsa, ita ce ake ci. Fatake masu zuwa sarin goro suka raɗa masa sunan, wai in ayari ya fara cin karo da bishiyar to an san Gwanja, inda ake sarin goron a arewacin Ghana ta yau, ta kusa. A Kano ko Katsina sai ka shekara nawa baka sa shi a ido ba, ga shi baya jure tafiya, tsokar nan da nan take lalacewa, shi yasa baƙo na ganinsa sai jiki ya hau rawa, a tsaya a tsinka ayi tsaraba.

To tsinkar ce matsalata. 'Yan gari sun san dokarsa tun suna goye, mu baƙi ne muke kwafsawa: direbobi, 'yan kai amarya, 'yan bautar ƙasa, yaran da aka kawo hutu. Mutum ya sa gora ya kaɗo wanda bakinsa ke rufe, ya sa wuƙa ya ɓare wai ai yayi ja. Haba Alhaji! Ja ba shi ne nuna ba. Wata kuma ta cika leda ta tura ƙarƙashin kujerar mota wai zai ƙarasa nuna a hanya, Hajiya wannan fa ba mangwaro bane. Wanda bai buɗe a kan bishiya ba akwai guba a cikinsa, gubar da ke kayar da sugan jini warwas, kuma yaro ta fi kamawa, balle yaron da cikinsa ba komai.

Bara an kawo mana wani ɗan shekara biyar da asuba, sun zo biki shi da uwarsa. Tun dare yake amai, ba zazzaɓi ba gudawa, sai ya koma barci mai nauyi, ana girgiza shi baya ko motsi. Kakarsa tace iska ce, har an turara masa hayaƙi rigarsa duk ƙauri. Na soka masa yatsa na auna suga, abin da na'urar ta nuna sai da hantar cikina ta kaɗa. Muka ɗaura ruwan gulukos da gudu. Wajen cire masa wando ƙwallo biyu baƙaƙe suka faɗo daga aljihu, ashe da yamma shi da yaran baƙi sun yi ta jifan bishiyar bayan gida suna fasawa da dutse. Allah ya yi da sauran kwana, kafin azahar ya buɗe ido yana neman mamansa. Uwar tana kuka tana cewa Malama wallahi ban sani ba, kuma na yarda bata sani ba, ban ga laifinta ba. Manyan da suka ga yara na jifa suka wuce su nake jin haushi.

Kar ku ɗauka tsoratarwa ce irin tamu ta ma'aikatan lafiya. A 1998 yara 29 suka rasu a kudu maso yammacin Burkina Faso, bincike ya nuna ɗanyen gwanja kusa ne. A Jamaika kuwa, inda aka kai irinsa daga nan Afirka ta Yamma har ya zama abincin ƙasa suna dafa shi da kifi mai gishiri, ciwon aman ma da sunan ƙasar ake kiransa. Su da suke ci kullum basa ɓare rufaffe, sai kai da ka gan shi jiya?

Ban ce kar a ci ba, ni ma ina sa shi a miya. A gurguje:

Wanda ya tsage da kansa a sama kaɗai.
Na ƙasa da ya fara ruɓa a bar shi.
Ƙwallon a yar, ko an gasa guba ne. Jan zaren da ke manne da tsokar a cire tas.
In an tafasa a zubar da ruwan, kar ya shiga miya.
Ƙananan yara kar su tsinka su kaɗai, ko kusa.

In yaro ya ci ya fara amai, idonsa biyu yana iya haɗiya, a dama suga a ruwa a bashi ana tafiya asibiti. In ya suma kar a ɗura masa komai, zai shaƙe. Kar a ce bari gari ya waye, kar a tsaya kemis sayen maganin maleriya. Kuma dan Allah in kun iso ku faɗa mana abin da ya ci tun daga bakin ƙofa, in da ragowar kwanson ku taho da shi, kar sai mun laluba aljihu.