Njideka Akunyili Crosby

Njideka Akunyili Crosby mai zane ce 'yar asalin Nijeriya da ke zaune a birnin Los Angeles na Amurka. An haife ta a Enugu a 1983. Ta yi suna da manya-manyan zanuka a kan takarda, inda take haɗa fenti da hotunan mujallu da na iyalinta da ƙyallen atamfa, ta fito da rayuwar cikin gida ta mutumin da ya tashi a wata ƙasa ya yi aure a wata.

Tasowa da karatu

Su shida ne a wurin iyayensu. Mahaifinta, Chike Akunyili, likitan tiyata ne. Mahaifiyarta ita ce Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta yi yaƙi da jabun magunguna, daga baya ta zama ministar yaɗa labarai. Njideka ta yi sakandare a Queen's College da ke Legas, ta tafi Amurka a 1999 tana da shekara 16, bayan mahaifiyarta ta dace da takardar izinin zama ta hanyar ƙuri'ar biza.

Da niyyar karatun likita ta tafi. A kwalejin Swarthmore ta haɗa ilimin halittu da zane, ta kammala a 2004, kuma a ƙarshe zanen ne ya rinjaya. Ta ƙaro horo a Pennsylvania Academy of the Fine Arts, ta yi digiri na biyu a jami'ar Yale a 2011, sannan ta yi shekara guda tana aiki a Studio Museum da ke unguwar Harlem a New York.

Yadda take aiki

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne yadda take dasa hoto a jikin zane. Takan buga kwafin hoton, ta kifa shi a kan takarda, ta jiƙa bayansa da sinadarin asiton ta goga da ƙarfi. Sai tawadar ta bar kwafin ta kama takardar, hoton ya fito a juye kuma a dusashe, kamar atamfar da ta sha wanki. Haka za ta yi ta jera su har su cika bango ko daɓe ko rigar wani, wani lokaci ma fatar jikinsa. A kai ne take ɗora fenti da fensir mai launi da gawayi.

Saboda haka zanenta kallo biyu gare shi. Daga nesa falo ne kawai: mace zaune a kujera, teburin shayi, ƙofa a buɗe. Idan aka matso sai a tarar bangon cike yake da fuskokin 'yan fim da mawaƙan Nijeriya, da tallace-tallace, da lauyoyi sanye da farin gashin kotu da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, da shugabannin mulkin soja, da hotunan bikin aurenta. Wanda ya tashi a Nijeriya zai gane fuskokin nan take; baƙo kuwa ado kawai zai gani. Aikin na cin lokaci ƙwarai, shi ya sa abin da take gamawa a shekara bai taka kara ya karya ba.

Jigogi

Babban jigonta shi ne zama tsakanin gida biyu. Ɗakunan da take zanawa ba na Enugu ba ne zalla, ba kuma na Amurka ba: ana iya ganin fitilar kananzir irin ta teburin kakarta a ƙauye, ga na'urar ɗumama ɗaki ta ƙasar sanyi a gefe. Sunan zanen Tea Time in New Haven, Enugu na 2013 ma harshen damo ne, domin New Haven unguwa ce a Enugu, kuma sunan garin da jami'ar Yale take ke nan.

Aure ma ya samu kaso mai tsoka. Mijinta Ba'amurke ne farar fata, kuma su biyun sun fito a zanuka irin su I Refuse to be Invisible na 2010 da Nwantinti na 2012, suna rawa ko suna hutawa a ɗaki. Ba ta mayar da lamarin abin mamaki. Zaman miji da mata ne kurum. Bayan rasuwar mahaifiyarta a 2014, atamfar da aka buga da hoton marigayiyar ta riƙa fitowa a ayyukanta. Akwai kuma jerin The Beautyful Ones, zanukan yara 'yan Nijeriya, ciki har da 'yan'uwanta, wanda ta aro sunansa daga littafin marubucin Ghana Ayi Kwei Armah na 1968.

Yabo da kasuwa

A 2014 ta karɓi kyautar James Dicke ta gidan tarihin Smithsonian, a 2017 kuma ta samu tallafin gidauniyar MacArthur na dala 625,000. Farashin aikinta ya yi tashin gwauron zabo cikin watanni kaɗan: zanenta mai suna Drown ya haura dala miliyan 1 a gwanjon Sotheby's a Nuwamban 2016, a Maris na 2017 kuma aka sayar da ɗaya daga jerin The Beautyful Ones a kan fam miliyan 2.5 a gwanjon Christie's na Landan. Galibin irin wannan riba aljihun waɗanda suka sayi zanen tun da rahusa take shiga, ba na mai zanen ba.

A 2018 ta yi Remain, Thriving domin tashar jirgin ƙasa ta Brixton a Landan, inda ta zana falon wani iyali 'yan asalin Karibiyan. A ayyukanta na baya-bayan nan tsirrai sun fara mamaye fili, kamar a Still You Bloom in This Land of No Gardens na 2021, inda take zaune da ɗanta a tsakiyar ganyayyaki. An nuna shi a baje kolinta na 2023 a zauren David Zwirner da ke Los Angeles.