Antibayiros na waje da wasannin intanet

Antibayiros manhaja ce da ke sa ido kan duk abin da ya shiga kwamfuta, ta kama mai cutarwa ta killace shi. A kwamfutar Windows iri biyu ake samu. Akwai wadda ta zo da tsarin, wato Microsoft Defender, sai kuma na waje da ake ɗorawa, irin su Avast, AVG, Norton, McAfee da Kaspersky. A Akra, mai sayen laftop na hannu a Tip Toe Lane kusa da Kwame Nkrumah Circle yakan tarar an riga an zuba masa ɗaya daga cikin na wajen, wani lokaci har biyu, da sunan ƙarin tsaro. Sai ya koma gida Nima ko Maamobi ya buɗe wasa, wasa ya ƙi haɗuwa da intanet.

Wannan rikici yana da tushe uku. Katangar tsaron da ke zuwa da antibayiros takan toshe hanyar da wasa ke bi ya yi magana da sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa a intanet. Binciken da antibayiros ke yi wa kowane fayil kuma yana cin ƙarfin na'ura, hoto ya riƙa tsaitsayawa. Na ukun ya fi wuyar sha'ani. Manyan wasanni suna zuwa da manhajar hana maguɗi: Valorant na da Vanguard tun fitowarsa a 2020, Fortnite na amfani da Easy Anti-Cheat, wasu kuma BattlEye. Waɗannan suna kutsawa har cikin zuciyar Windows suna leƙen abin da sauran manhajoji ke yi, wanda shi ne ainihin halin bayiros. Mai gadi ya ga wani mai gadin yana haura katanga, dole ya ɗauke shi ɓarawo.

A zamanin Windows XP, sa antibayiros na waje tilas ne, domin Defender na 2006 manhajojin leƙen asiri kaɗai yake kamawa. Daga Windows 8 a 2012 ya zama cikakken antibayiros, kuma a 'yan shekarun nan yana samun maki mai kyau a gwaje-gwajen cibiyar AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya. Da zarar an ɗora na waje, Defender kan ja gefe da kansa, in an cire kuma ya dawo aiki. Saboda haka mai Windows 11 da ke sabunta kwamfutarsa, yana sauke wasa daga shagunan wasanni na intanet irin su Steam ko Epic Games, ba ya buƙatar na waje. Na wajen da lasisinsa ya ƙare ma ya fi zama matsala, yana nan a kan allo amma bai san sababbin cututtuka ba.

Sai dai ba kowace toshewa ce kuskure ba. Wasannin da aka fasa, wato na sata da aka cire wa kariyar lasisi, waɗanda ke yawo a filash daga hannu zuwa hannu a gidajen gem na Zango, sukan zo da umarnin a kashe antibayiros kafin a ɗora. A 2021 kamfanin Avast ya bankaɗo wata cuta mai suna Crackonosh da aka ɓoye cikin irin waɗannan wasanni, har da GTA V. Takan kashe tsaron kwamfuta, ta mai da ita injin haƙar kuɗin intanet na Monero, mai ita yana mamakin zafin da take ɗauka.

In wasan na asali ne, ba a kashe tsaro gaba ɗaya. Ana shigar da fayil ɗinsa cikin jerin waɗanda aka keɓe daga bincike, a ba shi izinin wucewa a katangar tsaro. Mai Windows 7 kuwa, wadda Microsoft ta daina tallafa wa a Janairun 2020, shi kam yana buƙatar na waje, ko da yake hakan ba ya toshe ramukan da ke jikin tsarin kansa.