Me ya sa gonakin Ingila na zamanin da suke dogaye sirara?

Wace irin ƙasa manoman suke nomawa?

A tsakiyar Ingila laka ce mai nauyi, ga ruwan sama kusan duk shekara. Damuwar manomi ita ce yadda zai sallami ruwa daga gona kafin iri ya ruɓe. Ƙaramar garma mai kartar saman ƙasa ba ta iya komai a nan.

To da me suke huɗa?

Da katuwar garma. Wuƙar ƙarfe a gaba tana tsaga laka, bakin garma ya shiga ƙarƙashi, sai wani allon katako ya kifar da ƙasar gefen dama. Shanu har takwas ke janta. Darajarta ta kai a ƙidayar da Sarkin Ingila William ya sa aka yi a 1086, sai da aka rubuta yawan garmunan kowane gari.

Ina ruwan garma da siffar gona?

Juya shanu takwas a bakin gona ba ƙaramin aiki ba ne, don haka gara a yi ta tafiya kafin a juyo. Tsawon yadi 220, faɗin yadi 22: eka ke nan, wato kimanin huɗar yini guda. Kuma da yake kullum gefe ɗaya ake kifar da ƙasa, wato wajen tsakiyar gona a zuwa da dawowa, shekara da shekaru sai tsakiyar gonar ta tashi ta zama ƙatuwar kunya, ruwa ya bi kwari ya fice. Har yau idan rana ta yi ƙasa, ana ganin inuwar waɗannan kunyoyi a makiyayar yankin Leicestershire da ke tsakiyar Ingila, tumaki na kiwo a kai.

Talaka ina ya ga shanu takwas?

Karo-karo ake yi, wannan ya kawo biyu, wancan ɗaya. Gonakin mutum ma a warwatse suke cikin manyan filayen gari, kowa ya ɗanɗani mai kyau da marar kyau. A wurare da yawa filayen uku ne: ɗaya alkama, ɗaya sha'ir ko wake, na uku a bar shi saura, dabbobi su zuba masa taki. Ƙauyen Laxton a yankin Nottinghamshire bai bar wannan tsari ba har yanzu.

Lambu fa?

Bayan gida yake: kabeji, albasa, tafarnuwa, abin jefawa a tukunyar fate. Dankalin Turawa kam baƙo ne, sai ƙarshen ƙarni na 16 ya iso daga nahiyar Amurka.