Isra'iliyyat

Isra'iliyyat suna ne da malaman Musulunci suka ba labaran da suka shigo tafsiri, tarihi da wa'azi ta hannun Yahudawa da Nasara, musamman labarin halitta da na annabawan da suka gabata. Kalmar ta samo asali daga Isra'ila, wato Annabi Yaƙubu (AS), amma a wajen amfani ta haɗa har da abin da ya zo daga Kiristoci. Ba a ƙarnin farko aka fara kiran labaran da wannan suna ba. Ana ganin kalmar a rubutun Mas'udi, wanda ya rasu wajen shekara ta 345 bayan hijira (956), daga baya ne ta zama kalmar suka.

Abin da ya buɗe wa labaran ƙofa shi ne salon Alƙur'ani da kansa. Yana kawo ƙissa ne domin wa'azi, sau da yawa ba suna, ba shekara, ba sunan gari. Suratul Ma'ida ta ba da labarin 'ya'yan Adamu biyu ba tare da ta ce Habila da Ƙabila ba. Suratu Yusuf ta ce "matar Aziz" ta tsaya nan. Mai sauraro kuwa yana so ya ji sauran, kuma masu sauran suna zaune kusa da shi.

Ƙasar Larabawa kafin Musulunci

Yahudawa sun daɗe a Yasriba, inda ƙabilun Banu Ƙainuƙa, Banu Nadir da Banu Ƙuraiza suke, haka kuma a Haibara, Fadak da Taima'u. A Yaman sarakunan Himyar sun karkata ga Yahudanci, kuma ɗaya daga cikinsu, Zu Nuwas, shi ya karkashe Kiristocin Najran wajen shekarar 523 miladiyya, lamarin da masu tafsiri da dama suka danganta da Ashabul Uhdud. Kiristanci ya yi ƙarfi a Najran, a Hira ta Iraƙi, da kuma tsakanin Gassanawa a bakin Sham. Fataken Ƙuraishawa suna ratsa waɗannan wurare rani da hunturu. A Makka ma akwai irin su Waraƙa bin Naufal, ɗan baffan Nana Khadija (RA), wanda ya yi Nasaranci yana kuma rubuta wani abu daga Linjila.

Galibin masu bincike suna ganin babu cikakkiyar Attaura ko Linjila da Larabci a wannan lokaci. Littattafan suna cikin Ibrananci, Suryananci, Girkanci da Habasanci, abin da ya isa kunnen Balarabe da baki ya iso. Shi ya sa da yawan Isra'iliyyat ba a samunsu a cikin Baibul ɗin kansa, sai a Talmud (kundin koyarwar Yahudawa), a sharhohin malaman Yahudawa, ko a wa'azozin Kiristocin Suryaniyawa. Ƙissar matasan kogo, alal misali, Yaƙubu na Saruj, malamin Kirista da ya mutu a 521, ya yi ta a waƙe da Suryananci.

Zamanin Annabi (SAW) da sahabbai

Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun tura Nadar bin Haris da Uƙba bin Abi Mu'aiɗ wajen malaman Yahudawan Madina su samo tambayoyin da za su jarraba Annabi (SAW) da su, aka ce su tambaye shi matasan da suka ɓace, da mutumin da ya kewaye gabas da yamma, da kuma ruhi. A Habasha, wajen 615, Ja'afar bin Abi Ɗalib ya karanta farkon Suratu Maryam a gaban Najjashi da limamansa.

A Madina cuɗanyar ta zama ta yau da kullum. Buhari ya kawo daga Abu Huraira cewa Ahlul Kitabi sukan karanta Attaura da Ibrananci su fassara wa Musulmi da Larabci, sai Annabi (SAW) ya ce kada a gaskata su kuma kada a ƙaryata su. Wani hadisin, shi ma a Buhari, ya yi izinin a ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi. Akwai kuma ruwayar da ke cewa ran Annabi (SAW) ya ɓaci da ya ga Umar riƙe da takarda daga littafin Ahlul Kitabi. Ibn Abbas ya yi wa mutane faɗa a kan tambayarsu alhali Littafin da ke hannun Musulmi shi ne sabon sauka, duk da haka ruwayoyi masu yawa na wannan nau'i da sunansa aka jingina su.

Mutanen da aka fi ɗaukowa daga gare su

Abdullahi bin Salam malamin Yahudawa ne daga Banu Ƙainuƙa, ya musulunta lokacin da Annabi (SAW) ya iso Madina, ya rasu a shekara ta 43 bayan hijira. Tamimud Dari Kirista ne daga Falasɗinu, ya musulunta a shekara ta 9. An ruwaito cewa Abdullahi bin Amr bin As ya samu kayan raƙuma biyu na littattafan Ahlul Kitabi ranar yaƙin Yarmuk, ya riƙa ba da labari daga cikinsu.

Sunan da ya fi yawo shi ne Ka'abul Ahbar, Bahimyare daga Yaman. Bai ga Annabi (SAW) ba; ya zo Madina a zamanin Umar, wasu suka ce tun zamanin Abubakar, ya rasu a Himsa wajen shekara ta 32. Sahabbai sun zauna da shi sun saurare shi, amma ba da ido rufe ba. An ruwaito cewa da Umar ya shiga Baitul Muƙaddas ya tambaye shi inda ya dace a yi salla, Ka'ab ya ce a bayan Dutsen, wato Sakhra wanda Yahudawa ke fuskanta wajen ibada, yadda mai salla zai fuskanci Dutsen da Ka'aba gaba ɗaya. Umar ya ce masa ya kwaikwayi Yahudanci, ya wuce gaba ya yi salla Dutsen yana bayansa.

Sai Wahab bin Munabbih, wanda ya fito daga zuriyar Farisawan da suka zauna Yaman. An haife shi wajen shekara ta 34, ya yi alƙalanci a San'a, ya rasu a 110 ko 114. Shi ne ake ganin ya fara tsara labaran tun daga halitta zuwa annabawa a jere, a littafin da ake kira Al-Mubtada. Littafin ya ɓace, sai abin da na baya suka tsinto. Ta hanyarsa Ɗabari ya kawo labarin macijiyar da ta ɗauki Iblis a cikinta ta shigar da shi Aljanna, tana da ƙafafu huɗu kamar raƙumi kafin a tsine mata. A Jami'ar Heidelberg ta Jamus akwai tsohuwar takardar fafirus mai ɗauke da shekarar 229 (844), a cikinta akwai ƙissar Annabi Dawuda (AS) da aka jingina wa Wahab. Ta hanyar irin waɗannan ruwayoyi ne labarin Uriya da matarsa, wadda aka ce Dawuda ya yi sha'awar aurenta, ya manne wa ayar tumaki casa'in da tara ta Suratu Sad, abin da malamai da yawa suka ƙi saboda bai dace da darajar annabi ba.

Masu ƙissa

Bayan salla, a masallatan Madina, Basra, Kufa da Dimashƙa, akwai masu zama su ba jama'a ƙissa. Ana cewa Tamimud Dari ne ya fara, da izinin Umar. Mai ƙissa yana so a yi kuka, yana so a yi mamaki, don haka labari kan kumbura a hannunsa. Uju bin Unuƙ, wanda asalinsa Og ne sarkin Bashan a Attaura, ya zama ƙaton da ke ciro kifi daga ƙasan teku ya gasa a jikin rana. Malaman hadisi sun yi ta kokawa da waɗannan mutane, amma talakawa wajensu suke taruwa.

Daga baki zuwa takarda

Ibn Ishaƙ, wanda ya rasu wajen 150 (767), ya buɗe littafinsa na sira da tarihin duniya tun daga Adamu. Ibn Hisham ya yanke mafi yawan wannan sashe, Ɗabari (ya rasu 310/923) ya adana da dama daga ciki a tarihinsa. Ibn Ishaƙ ɗin ya kawo wani yanki na Linjilar Yohanna inda kalmar Munhamanna take, ya ce tana nufin Muhammadu.

Sai a ƙarni na uku bayan hijira ne marubuta Musulmi suka fara kwafo nassin Baibul kai tsaye da yawa. Ibn Ƙutaiba (ya rasu 276/889) ya kawo farkon littafin Farawa na Attaura kusan kalma da kalma, Yaƙubi kuma ya taƙaita Linjila huɗu a tarihinsa. Lokacin ya zo daidai da fara fassara: a gidan ibadar Sina'i akwai wasiƙun Bulus da Larabci masu shekarar 867 miladiyya, malamin Yahudawa Sa'adiya Gawon na Fayyum (882 zuwa 942) kuma ya fassara Attaura. Amma littattafan ƙisasul anbiya, irin na Sa'alabi (ya rasu 427/1035) da na Kisa'i, a kan tsofaffin ruwayoyin baka suka ci gaba da dogara.

Matsayin malamai

Ibn Taimiyya (ya rasu 728/1328) ya kasa labaran uku: wanda Alƙur'ani da Sunna suka gaskata, wanda suka ƙaryata, da wanda suka yi shiru a kansa, shi kuma ya halatta a faɗe shi ba don a kafa hujja ba. Ɗalibinsa Ibn Kasir ya bi wannan ma'auni da tsanani. A kan wanda aka umarci Ibrahim (AS) ya yanka, Ɗabari ya rinjayar da Ishaƙa, Ibn Kasir ya ce Isma'ila ne, ya kuma ce ɗaya ra'ayin daga Ka'ab aka samo shi. Ibn Haldun ya yi bayanin cewa Larabawa ba ma'abota littafi ba ne, Yahudawan Himyar da suka tambaya kuwa mutanen ƙauye ne kamarsu, abin da suka sani ilimin gama-gari ne.

Tun daga Abraham Geiger a 1833 wasu masanan Turai suka ce Alƙur'ani kansa daga waɗannan labarai ya ɗebo. Malaman Musulunci sun yi watsi da wannan, suna cewa kamannin ya zo ne daga kasancewar wahayin tushensa ɗaya.

A ƙarni na 20 Rashid Rida da wasu malaman Masar sun matsa a tsarkake tafsiri daga Isra'iliyyat. Sunayen da Alƙur'ani bai ambata ba, littattafan tafsiri da ƙissa suka yaɗa, kamar Bilkisu da Zulaiha, har yau ana raɗa wa yara su a ƙasar Hausa.